Wasiƙa Ga Ƙannena Daga Wurin Masu Dafa Yashi

Ƙannena, duk wanda ya taso a gidan da ake kunna fitilar ƙwai ya san wannan ƙarar. Ana zaune bayan magariba, fitila ta ɗauki zafi, sai wani yaro ya wanke hannu ya yarfe, ɗigon ruwa ɗaya tak ya sauka a kan ƙwan. Ka ji tas! Ya tsage daga sama har ƙasa, gobe sai an aiki mutum kasuwa. A lokacin faɗa kawai muke sha, babu mai gaya mana dalili. Ni dai ban gane dalilin ba sai da furfura ta fara fito mini a birnin New York, ranar da na sami kaina zaune a kan benci a wani ɗakin aiki a Brooklyn ina kallon masu busa gilashi.

Na san da yawanku kun ga aikin a waya. Bidiyo ne na daƙiƙa 30 a TikTok: mutum ya zaro dunƙulen wuta ja wur a bakin bututu, ya hura, ya juya, kafin ka ƙifta ido ga tulu mai launin dawisu. Abin sha'awa ne, ni ma shi ya ja ni. Sai dai mai ɗaukar bidiyon yakan kashe kyamararsa daidai inda aikin ya fara wuya, kuma abin da ya bari a waje shi nake so in miƙa muku, ko da babu ɗayanku da zai taɓa riƙe bututun busa. Ko kai tela ne, ko mai gyaran waya, ko marubuci, ko ke mai zanen lalle ce ko mai haɗa manhaja, maganar taku ce.

Gilashi yashi ne. Ana haɗa shi da wani sinadari ɗan'uwan kanwa domin ya yarda ya narke, da farar ƙasa domin kada ruwa ya ci shi, a zuba a tanderu. Mutanen tsohuwar Masar da Rumawa kanwar ce da kanta suke sawa. Launi kuma daga ƙarafa yake fitowa: baƙin ƙarfe ya ba da kore irin na kwalbar lemo, kobalt ya ba da shuɗi mai duhu, ɗan ƙanƙanen zinari ya ba da ja kamar jini. Iyayenmu sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Waɗannan mutanen sun mayar da karin maganar abin neman abincinsu, kullum sai sun dafa.

Wuta uku ce a ɗakin. Ta farko ita ce uwar tanderu, inda narkakken gilashi yake kwance a zafin da ya haura digiri 1,100 a ma'aunin salshiyos. Ba a kashe ta, dare da rana, ranar aiki da ranar hutu, domin in ta mutu sai an yi kwanaki kafin a sake tayar da ita. Ta biyu rami ne mai ruri da ake mayar da aikin a sake ɗumama shi. Ta uku ba ta ko kama da wuta: wani akwati ne a gefe, rufe, shiru, ba mai kallonsa. Zan dawo kansa.

Wata mata na fi zuba wa ido. Takan tura bututun ƙarfe da ya kusa kai mata kafaɗa cikin uwar tanderu, ta naɗo gilashin kamar mai ɗebo zuma da tsinke. Daga wannan lokacin yatsunta ba su sake tsayawa ba. Tana tafiya tana juya bututun, tana zaune tana mirgina shi a kan hannun kujerarta, domin in ta dakata ko na numfashi ɗaya ne dunƙulen zai zubo gefe guda. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kayan aikinta. Ga wani ludayin katako da ke kwana cikin bokitin ruwa. Ga awartaki mai dogon baki wanda duk maƙerinmu zai gane shi. Ga kuma tsohuwar jarida, an ninke ta gida-gida an jiƙa ta sharkaf. Wannan jaridar take ɗorawa a tafin hannunta ta tallabi gilashin da zai iya cinye nama har ƙashi, tururi yana tashi, ƙaurin takarda ya cika ɗakin, ita kuwa tana shafa shi kamar mai mulmula fura. Lokacin da take da shi kafin ya daskare bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, amma maƙeri in ya makara ƙarfensa yana nan yana jiransa. Gilashi in ya huce a bakin bututu fashewa yake ya zube a ƙasa.

Ba ita kaɗai take aikin ba. Akwai wani saurayi durƙushe a ƙarshen bututun, shi ke hurawa idan ta ɗaga gira, shi ke tare mata hucin wuta da ɗan allon katako kada hannunta ya ƙone, shi ke buɗe ƙofar rami kafin ta iso. Na yi awa biyu ban ji sun yi magana ta kai jimla biyar ba. Ya san abin da take so kafin ta so shi, kuma wannan sanin ba a samunsa sai an daɗe ana kallo baki a rufe. Lino Tagliapietra, wanda masu sana'ar suke ɗauka a sahun gaba a duniya, an haife shi a tsibirin Murano na Italiya a 1934, ya shiga ɗakin wuta yana yaro ɗan shekara 11 ko 12, bai sami laƙabin gwani ba sai da ya kai 21. Kusan shekara goma ke nan yana yi wa wasu hidima. Ina faɗin wannan ne saboda na ga yadda yaran shago suke tashi daga gaban maigida bayan wata shida, su buga kati, su buɗe shafi a Instagram. Ba na hana kowa neman na kansa. Amma akwai ilimin da ba ya shiga ta kunne, sai ta idon wanda ya riƙe wa wani allo shekara da shekaru.

To, mu koma kan akwatin nan. Da matar ta gama kofin da take yi, ta ƙwanƙwasa ƙarfen sau ɗaya ya rabu, saurayin ya cafe shi da safar hannu mai kauri ya ruga da shi, ya sa a akwati ya rufe. Ba wanda ya tsaya yaba shi. Ba wanda ya ɗaga shi ya ga haske. A cikin akwatin zafin yana wajen digiri 500, kuma daga nan za a riƙa sauke shi a hankali har gari ya waye. Dalilin shi ne abin da ya fasa ƙwan fitilarmu. Gilashi in ya huce da sauri, bayansa ne ke fara sanyi ya tsuke, cikinsa kuwa yana nan da zafi. Sai ɓangarorin biyu su shiga ja-in-ja, kuma wannan rigimar takan daskare a ciki inda ido ba ya gani. Kofin zai fito sumul, ka sha ruwa da shi yau, ka sha gobe, wata rana yana ajiye a kan kanta ba wanda ya taɓa shi ka ji tas.

Gwargwadon kaurin abu, gwargwadon daɗewarsa a akwati. A garin Corning, can arewa maso yammacin New York a cikin jiha ɗaya, an zuba wani faifan gilashi a 1934 domin madubin na'urar hangen taurari ta dutsen Palomar. Faɗinsa inci 200, wato mita 5 da 'yan kai, nauyinsa kusan tan 20. Zubawar yini ɗaya ta ɗauka. Sanyayawar kuwa wata 10. Kuma wannan shi ne gwaji na biyu, domin na farkon ya lalace tun wurin zubi. Ba su jefar da na farkon ba. Yana tsaye har yau a gidan tarihin gilashi na Corning kowa yana gani.

Ƙannena, a nan ne nake jin tsoro a kanku, kuma tsoron na ƙauna ne. Kuna da wuta, wallahi kuna da ita, fiye da yadda muke da ita a shekarunku. Abin da zamani ya ƙwace muku shi ne akwatin. Yaro ya rubuta waƙa da ƙarfe ɗayan dare, kafin asuba ta shiga duniya. Yarinya ta rubuta babi na farko na littafi, ta saka a zauren WhatsApp, aka yi ta tafi, sai ta wayi gari tana bin masu karatu da gudu, kullum babi, ba ta da ranar da za ta koma ta ga inda labarin ya tsage. Tela ya karɓi ɗinkin salla fiye da ƙarfinsa, ya miƙa riga ba a ko juya ta an duba ba. Duk waɗannan kofuna ne da ba su kwana a akwati ba. Abin da nake roƙonku ƙarami ne: in kun gama abu, ku rufe shi ya kwana. In babba ne ya yi mako. Ku dawo masa da idon safiya, lokacin da zafin son abin ya sauka, za ku ga abin da jiya ba ku gani ba. Wanda ya yaba muku da daddare ba zai zo ya taya ku kwashe fasassun ba.

Akwai wani abin da bidiyo ba ya nunawa, shi ne kuɗin wuta. Tanderun da ba a kashewa gas yake sha ba ƙaƙƙautawa, ga hayar New York da ba ta san sani ba. Shi ya sa a da aikin gilashi a Amurka na masu masana'anta ne kawai. A 1962 ne Harvey Littleton da Dominick Labino suka nuna a garin Toledo na jihar Ohio cewa ana iya gina ƙaramin tanderu wanda mai fasaha zai yi aiki da shi da kansa. A 1977 wasu matasa a New York, cikinsu har da Richard Yelle, suka kafa wurin aiki na haɗin gwiwa a Manhattan. A 1991 wurin ya koma wani tsohon gidan wasan kwaikwayo a titin Fulton da ke Brooklyn, shi ne ake kira UrbanGlass a yau. Tsarin mai sauƙi ne: wuta ɗaya, mutane da yawa, kowa ya kama awanninsa ya biya. Wanda ba zai iya riƙe tanderu na wata ɗaya ba, ga shi yana aiki shekara da shekaru. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya san marinar Ƙofar Mata, ko gayya, ko adashi, ya san shi. Amma na sha ganin samari biyar a layi ɗaya kowa yana tara kuɗin janareto nasa, kowa yana jiran ranar da zai sayi kyamara tasa, shekara ta zo ta wuce ba wanda ya fara. Ku haɗa. In kun haɗa kuma ku rubuta: wa ya sa nawa, wa ke da wace rana, wa zai gyara in ta lalace. Zumunci ya fi daɗewa idan akwai takarda.

Maganar takarda ta kawo ni kan matar da na fi so in ba ku labarinta, musamman ku ƙannena mata.

Duk wanda ya san gilashi ya san sunan Louis Comfort Tiffany. An haife shi a New York a 1848, ɗan mai kamfanin gwal da lu'ulu'u na Tiffany & Co. A 1893 ya buɗe tanderunsa a unguwar Corona da ke Queens, kuma fitilun da ke ɗauke da sunansa, masu rumfar gilashi kala-kala, sun zaga duniya. Gwani ne na gaske, ba na rage masa komai. Amma kusan shekara 100 mutane suna ɗauka shi ya zana fitattun fitilun nan da hannunsa, alhali da yawansu aikin wata mata ce mai suna Clara Driscoll.

An haife ta a 1861 a wani ƙaramin gari, Tallmadge, a jihar Ohio. Daga 1892 ita ke shugabantar sashen mata masu zaɓe da yankan gilashi, waɗanda yawansu ya kai wajen 35 a wani lokaci. Ita ta zana fitilar mazari, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a kan ruwa, wadda ta ci lambar yabo a baje kolin duniya na Paris a 1900. Ita ta zana wadda furanni suke zubowa daga rassanta kamar zangarniya, mai gutsattsarin gilashi kusan 2,000 a rumfa ɗaya. Ku tsaya ku auna wannan adadin. Kowane gutsure sai wata ta ɗaga falle-fallen gilashi zuwa haske, ta nemo daidai wurin da shuɗi ya fara komawa fari, wata ta yanka shi daidai ma'auni, a naɗe bakinsa da siririn jan ƙarfe, kafin a kai wa maza su liƙe da dalma. Sau dubu biyu. Kuma ba zane kaɗai ke kanta ba. Ita ke lissafin abin da kowace fitila za ta ci, ita ke ƙirƙiro ƙananan kaya masu saurin sayuwa domin 'yan matanta kada su zauna ba aiki. Dokar kamfanin ba ta yarda matar aure ta yi aiki ba, don haka da ta sake aure a 1909 ta bar wurin ke nan. Ta rasu a 1944, sunanta ba ya kan fitila ko ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Abin da ya dawo mata da haƙƙinta wasiƙu ne. Ta saba rubuta wa mahaifiyarta da 'yan'uwanta mata labarin aikinta, abin da ta zana, yadda tunanin ya zo mata, da wa suka yi gardama. Dangi suka adana. Masu bincike suka ci karo da wasiƙun, kuma a 2007 ƙungiyar tarihi ta New York ta shirya baje koli da sunanta, shekara 63 bayan rasuwarta. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna mata nawa ne a Kano da Zariya da Maraɗi suke ɗinkin hula da kwalliyar riga a cikin gida, kayan su fita kasuwa da sunan mai shago. Yin aiki a ƙarƙashin wani ba abin kunya ba ne, a nan ake koyo. Amma ku riƙe littafi. Ku rubuta kwanan wata, ku ɗauki hoton abin da kuka yi, ku rubuta abin da ya ci da abin da aka biya. Ranar da Allah ya sa kuka zama iyayen gida kuma, ku faɗi sunan wanda ya yi aikin. Ba ya rage muku komai. Dale Chihuly, wanda aka baje ayyukansa a lambun tsirrai na Bronx a 2006 da 2017, ya rasa ganin idonsa na hagu a hatsarin mota a Ingila a 1976, kafaɗarsa ta goce a 1979, daga nan ya daina riƙe bututu. Yakan zana, ya tsaya a baya yana ba da umarni, wasu su busa. Duniya ta san haka, kuma bai hana a cika lambun don ganin aikinsa ba.

Kasuwa kuwa, kada ku mayar da ita ma'aunin darajar aikinku. Yayi ya juya wa Tiffany baya tun yana da rai. Kamfaninsa ya karye a 1932, shi ya rasu a 1933, aka riƙa fitar da fitilun daga gidaje a matsayin tarkacen tsofaffi. A 1935 wani likitan haƙori da ya yi ƙaura daga Ostiriya, Egon Neustadt, da matarsa Hildegard suka sayi ɗaya a shagon gwanjo a kan dala 12 da rabi. Suka ci gaba da tarawa, kuma ana nuna wani ɓangare na abin da suka tara a gidan tarihi na Queens, ba nisa da inda tanderun yake a da. A 2018 an sayar da fitilar Tiffany guda ɗaya sama da dala miliyan 3. Fitilar 1935 da ta 2018 hannu iri ɗaya ne ya yi su.

Kada kuma wani ya ce wannan sana'ar Turawa ce. A Ile-Ife masu tonon tarihi sun tabbatar ana dafa gilashi daga kayan ƙasar wurin tun tsakanin ƙarni na 11 da na 15. A Bida ta jihar Neja, mutanen unguwar Masaga, waɗanda suke cewa kakanninsu daga Masar suka taso, har yau suna zaune a gaban wuta suna narkar da kwalabe suna fitar da ƙarau da duwatsun wuya, irin waɗanda iyayenmu mata suka sa. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen fasahar hannu. In na bi ta kasuwar 'yan Afirka da ke titi na 116 a Harlem na ga duwatsun wuya jere a kan tebur, sai in tuna kwalaben da ke toshe mana magudanan ruwa a gida. Mai zuwa Bida a cikinku, in ya gama kallon wutar, ya dubi gefen murhu ya ga inda ake ajiye abin da aka gama. Masu wannan aikin a wurare da dama cikin toka mai ɗumi suke binne shi ya huce a hankali. In kuma wani ya yi niyyar shiga sana'ar, ya kiyaye idonsa da tabarau, ya kiyaye ƙirjinsa daga ƙurar gilashi, domin tana cin huhu kuma ba ta fita. Ya kuma sani gilashin da ya daina ja yana iya zama da zafin da zai sale fata.

Washegari da safe na koma ɗakin aikin nan, don ina so in ga kofin. Ban tarar da kowa ba sai ita da saurayin, uwar tanderu tana ruri kamar jiya. Ta taɓa ƙofar akwatin da bayan hannu tukuna, sannan ta buɗe. Kofuna 7 ne a ciki. Ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya tana kai wa taga, tana juyawa, tana shafa bakin da ɗan yatsa. Na huɗun, wanda ni na fi so, yana da wani siririn layi kusa da gindi, kamar gashi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta nuna wa saurayin wurin da farce, ya sunkuya ya duba, ya gyaɗa kai. Ta ciro wani ɗan littafi mai tabon ƙuna a bango daga aljihun rigarta, ta rubuta layi biyu, ta sa kofin a bokitin fasassu da za a mayar tanderu. Saurayin ya riga ya jiƙa sabuwar jarida.